BARIN AIKI TUN BA A SAMI WANI BA: ABIN DA YA KAMATA MAI BI YA DUBA

Jawabin da aka gabatar a taron dattawan ikilisiya da shugabannin zumunta

 

Kan maganar da aka ba mu tambaya ce. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke cikin aikin da ke cutar da shi, ya bari tun bai sami wani ba, ko kuwa ya daure sai ya samu? Tambaya ce da take zuwa gidan fasto bayan sujada, wani lokaci da hawaye. Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Ka yi haƙuri, aiki yana wuyar samu a ƙasar nan." Akwai gaskiya cikin wannan amsa, amma ba kowa za a sallama da ita ba. Akwai wanda haƙuri zai fisshe shi, akwai kuma wanda zaman zai kai shi gadon asibiti, ko gidan yari, ko cikin zunubi. Abin da muke so mu koya yau shi ne yadda za mu rarrabe tsakanin waɗannan biyu, da kuma abin da ikilisiya za ta yi wa kowannensu.

1. AIKI MAI WUYA DA AIKI MAI CUTARWA

Kowane aiki yana da wahalarsa. Manomi yana shan rana, malamin makaranta yana shan surutun yara, ma'aikaciyar jinya tana kwana a tsaye. Shugaba mai tsanani wanda ke so a zo da wuri, a gama aiki a kan lokaci, bai zama azzalumi ba don haka. Matasanmu su ji wannan da kyau, gama wasu suna barin aiki don an tsawata musu sau ɗaya a gaban mutane.

Aiki mai cutarwa yana da alamunsa. Na farko, ana riƙe haƙƙin mutum: wata uku, wata huɗu babu albashi, ko a riƙa yanke shi ba dalili. Na biyu, ana ci masa mutunci kullum da zagi da barazanar kora, har ya zama da zarar ya tuna gobe Litinin sai gabansa ya faɗi. Na uku, ana tilasta masa yin abin da lamirinsa ya ƙi: ya sa hannu a takardar kuɗin da ba a kashe ba, ya rage mudu, ya taimaki ɗalibai satar jarrabawa, ya sayar da maganin da lokacinsa ya wuce. Na huɗu, ana neman mace da lalata a kan ta tsira da aikinta. Na biyar, aikin yana cin lafiyar jiki, babu hutu, babu kayan kariya.

Kada mu ɗauki maganar lafiya da wasa. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda yin aiki awa 55 ko fiye a mako. Maigadin da ke tsayuwa awa 12 kowace rana, kwana 6 a mako, ya yi awa 72 ke nan. Idan ɗan'uwa ya ce barci ya ƙaurace masa, kansa yana ciwo kullum, yana faɗa da matarsa ba dalili, mu yi masa addu'a, mu kuma raka shi a auna jininsa. Lafiya uwar jiki ce.

2. ABIN DA YA SA BARIN AIKI YAKE DA NAUYI A WURINMU

A wasu ƙasashen Turai gwamnati tana ba wanda ya rasa aiki ɗan abin da zai riƙe kansa kowane wata. A Nijeriya babu irin wannan. Ranar da albashi ya tsaya, ranar tukunya za ta fara jin jiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a shekarar 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, alhali yawancin 'yan'uwanmu a irin waɗannan ƙananan wurare suke aiki: makarantu masu zaman kansu, shagunan magani, gidajen burodi, da shaguna a kasuwa.

Ga kuma yanayin ikilisiyoyinmu. Mu ba masu yawa ba ne a inda muke zaune, masu albashi a cikinmu kuwa 'yan kaɗan ne. Mai albashi ɗaya yana ɗauke da gidansa, da iyayensa a ƙauye, da kuɗin makarantar ƙannensa, da takin gonar gida. Ba mu da manya da yawa a ofisoshi waɗanda za su ɗaga waya su samo wa yaro aiki. Saboda haka wanda ya bar aiki da fushi ranar Laraba, ba shi kaɗai ya bari ba, mutum goma ne suka bari tare da shi. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fitar da shi.

Don haka shawararmu ga yawancin masu wannan tambaya ita ce: ka ƙudura a ranka cewa za ka tafi, amma ka shirya tafiyar tun kana ciki. Mai aiki a hannu ya fi samun wani aikin da sauƙi, domin yana tare da mutane, yana jin labarin inda ake nema, kuma yunwa ba za ta sa ya karɓi wanda ya fi na farko muni ba.

3. YAKUBU DA DAWUDA

Littafi Mai Tsarki ya ba mu misalin mutum biyu da suka yi aiki a ƙarƙashin mugun shugaba, amma fitarsu ba iri ɗaya ba ce.

Yakubu ya yi wa kawunsa Laban aiki shekara 20, an kuma sauya masa lada har sau 10, kamar yadda muke gani a Farawa sura 31. Cuta ce a fili, kuma daga hannun ɗan'uwa. Duk da haka Yakubu bai tashi ranar da aka fara cutarsa ba. Ya ci gaba da kiwo da aminci, ya tara nasa garken, ya lura da yadda fuskar Laban ta sake, ya ji umarnin Allah, sa'an nan ya kira Rahila da Lai'atu zuwa saura ya yi shawara da su kafin ya kama hanya. Ya fita da guzuri, iyalinsa kuma sun san dalili.

Dawuda kuwa yana kaɗa wa Saul garaya aka jefe shi da mashi. A 1 Sama'ila sura 19, matarsa Mikal ta zurara shi ta taga da dare, ya gudu. Da ya isa Nob ba shi da gurasa, ba shi da takobi, sai da firist ya ba shi. Bai tsaya neman wani aiki ba tukuna, gama ransa ake nema. Haka ma Yusufu a gidan Fotifar, ya bar rigarsa a hannun matar maigidansa ya fita da gudu, ko da yake abin ya kai shi kurkuku.

Duka mutanen Allah ne. Wanda ya jira bai yi rashin bangaskiya ba, wanda ya gudu kuma bai yi rashin haƙuri ba. Abin da ya bambanta su shi ne irin abin da ke cikin hatsari. Idan dukiya ce ake cuta, akwai lokacin shiri. Idan rai ne, ko mutunci, ko lamiri, babu jira.

4. INDA BA A JIRA

Muna roƙon dattawa su riƙe waɗannan abubuwa uku. Duk wanda ya zo muku da ɗaya daga cikinsu, kada ku ce masa ya koma ya daure.

Na ɗaya, idan ana dukansa, ko ana yi wa ransa barazana, ko likita ya ce aikin ne ke kashe shi. In da rai da rabo.

Na biyu, idan ana neman 'yar'uwa da lalata, ta kai ƙara, ba a yi kome ba, ko kuwa mai neman nata shi ne mai wurin. Ku fara da gaskata ta. Kada tambayar farko ta zama wace riga ta sa. Iyayenmu na zumuntar mata, wannan aikinku ne, gama akwai abin da yarinya ba za ta iya faɗa wa dattijo ba. Nijeriya ta sa hannu ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a shekarar 2022, wadda ta hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Saboda haka 'yarmu ba alfarma take roƙo ba. A nan ma muke tuna wa iyaye da suka aika 'ya'yansu aikatau a birni: idan yarinya ta aiko cewa tana so ta dawo gida, ku je ku ɗauko ta tukuna, tambayoyi su biyo baya.

Na uku, idan an tilasta masa aikata laifi. Ranar da masu bincike za su zo, sunan da ke kan takarda shi za su kira, wanda ya ba da umarni da baki kuwa yana gidansa. Ƙaramin akawu da mai kula da sito su ne suka fi kwana a hannun 'yan sanda. Mutum ya ƙi da ladabi, ya rubuta ƙin nasa in da hali. Idan aka nace, ya fita.

Akwai kuma na huɗu da ke kusa da waɗannan, wato aikin da ba a biya. Mu yi lissafi a matsayin misali. A ce malama tana kashe naira 1,000 kowace rana a kuɗin mota, kwana 22 a wata, naira 22,000 ke nan. Idan an yi wata huɗu ba a biya ta ba, ta kashe naira 88,000 daga aljihunta ko daga bashi domin ta yi wa wani aiki kyauta. Dokar Ƙwadago ta ce kada tazarar biyan lada ta wuce wata ɗaya. Wanda ke cikin wannan hali ya zauna ya duba ko akwai abin da zai rasa in ya tafi.

5. YADDA ZA A SHIRYA FITA

Ubangijinmu ya yi misali a Luka sura 14 da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi. Ga lissafin da muke ba da shawara.

(a) Ka rubuta abin da gidanka ke ci a wata: abinci, haya, kuɗin makaranta, magani, mota. Ka sa wa kanka burin tara na wata uku aƙalla, in da hali shida. Ko buhun masara da ka ajiye a lokacin kaka yana cikin lissafi.

(b) Ka duba bashin da ke kanka. Idan kana cikin adashi, ko ka ci bashin ƙungiyar ma'aikata ana cira daga albashi, ka san yadda za ka biya kafin ka tafi. Kada matsalarka ta zama ta waɗanda suka amince da kai.

(c) Ka zaɓi lokaci. Fita bayan an biya hayar shekara ta fi fita ana saura wata ɗaya. Makarantu sun fi ɗaukar malamai kafin sabuwar shekarar karatu ta watan Satumba. Mai gona a gida ya fi samun madogara in ya fita gab da damina.

(d) Ka sa ranar ƙarshe, ka gaya wa matarka ko mijinki da dattijo ɗaya. Wanda bai sa rana ba, shekara biyar za ta same shi yana cewa yana nan yana shiri.

(e) Ka adana takardunka: takardar ɗaukar aiki, takardun albashi, saƙonnin waya na barazana, da ranakun da abubuwa suka faru. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa. Kada ka bar ainihin takardun shaidar karatunka a hannun kowa.

(f) Ka nemi gyara daga ciki tukuna, musamman in aikin gwamnati ne. Sau da yawa matsalar mutum ɗaya ce, ba ma'aikatar duka ba. Neman canjin sashe, ko canjin gari, ko hutun ƙaro karatu, ya fi ajiye aikin da ke da fansho. Shugaba yakan tafi, aiki ya rage.

(g) Ka riƙe wata sana'a ta hannu. Manzo Bulus ya yi ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Korinti, bai kuwa ji kunya ba. Kiwon kaji, ɗinki, koyar da yara da yamma, gyaran waya, duk suna iya riƙe gida kafin wata ƙofa ta buɗe.

6. ABIN DA DOKA TA TANADA

Mutanenmu da yawa suna rasa haƙƙinsu don rashin sani. Dokar Ƙwadago ta fayyace sanarwar da ake bayarwa kafin a raba gari: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Wannan ya shafi leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan ma'aikata su duba abin da takardar ɗaukar aikinsu ta ce, gama yakan fi haka tsawo. A ba da sanarwar a rubuce, a riƙe kwafi.

Game da fansho, dokar 2014 ta ce mai ba da aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, a asusun da ke da sunan ma'aikacin. Kuɗin naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Wanda bai kai shekara 50 ba, ya bar aiki ya yi wata 4 bai sami wani ba, yana iya neman a ba shi har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun. Ka bincika tun yanzu ko ana zuba abin da ake cire maka.

Idan an riƙe maka albashi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago, akwai ƙungiyar ma'aikata in kana cikinta, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa a 1975, wadda ba ta karɓar kuɗi. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai rassa a Kano, Kaduna, Jos da wasu garuruwa. Neman haƙƙi ta hanyar doka ba ramuwa ba ce. Bulus kansa ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma sa'ad da aka so a yi masa bulala ba shari'a.

7. FITA DA SHAIDA MAI KYAU

A inda muke 'yan kaɗan, halin mutum ɗaya ake ɗora wa ikilisiya duka. Wanda ya tafi ba sallama, ya tafi da makullin sito, ko ya bi gari yana zagi, ya rufe ƙofa ga ɗan'uwan da zai zo neman aiki a wurin bayansa. Ka cika kwanakin sanarwarka, ka miƙa kaya da lissafi a gaban shaida, ka karɓi takardar da ta nuna ba a bin ka kome. Sau biyu Dawuda ya sami zarafin kashe Saul, bai taɓa shi ba. Gafartawa wajibi ce ga mai bi, amma komawa ƙarƙashin wanda ya cuce ka ba dole ba ce.

8. HAKKIN IKILISIYA

Dattawa, yanzu maganar ta zo kanmu. Mutane da yawa suna zama cikin aikin da ke hallaka su don ba su ga wanda zai riƙe su wata biyu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kawo shawara huɗu.

Kowace ikilisiya ta ware wani abu daga baiko, ko hatsi daga godiyar kaka, domin ɗan'uwan da ya bar aiki saboda lamiri ko lafiya, na ɗan lokaci ƙayyadadde. Zumuntar matasa ta riƙe jerin masu neman aiki da sana'ar kowa, masu aiki kuma su riƙa kawo labarin gurbi. Dattijon da ya tsaya wa yaro aka ɗauke shi aiki, idan yaron ya zo da kuka, ya saurare shi domin yaron, kada ya tura shi ya koma don kare sunan kansa. Abin da aka faɗa a ɗakin shawara kuma ya tsaya a can, kada ya fito a matsayin roƙon addu'a ranar Lahadi.

Sa'an nan duk wanda yake da ma'aikata a cikinmu ya binciki gidansa. Mugun shugaba ba shi da addini ɗaya ko ƙabila ɗaya, Laban ma ɗan'uwa ne. Mai makaranta, mai shago, uwargida mai 'yar aiki, da kwamitin da ke kula da makaranta ko asibitin ikilisiya, kowa ya tambayi kansa: na biya a kan lokaci? Ina ba da ranar hutu? Shari'ar Musa ta hana a kwana da ladan ɗan ƙwadago, wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta yi kashedi mai tsanani ga masu riƙe shi. Kada a ce wa malami aikin Ubangiji yake yi a maimakon albashinsa.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, wanda zai zo muku da wannan tambaya, ku zaunar da shi ku tambaye shi abu uku. Mene ne ke cikin hatsari, aljihunka ko ranka da lamirinka? Wata nawa gidanka zai iya ci ba albashi? Wa ka yi shawara da shi? Idan aljihu ne, ku taimake shi ya yi shiri, ya sa rana, ya fita da mutunci. Idan rai ne ko lamiri, ku ce masa ya fito, ku kuma tabbata yaransa sun ci tuwo a daren nan da dararen da ke biye.

Muna roƙo kowace ikilisiya ta kai maganar asusun taimako gaban majalisar dattawanta a zama na gaba, a kawo rahoto a taronmu mai zuwa. Ubangiji ya ba masu neman aiki aiki, ya ba masu shan wuya mafita, ya ba mu duka hikima.  Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya tabbata tare da ku duka. Amin.